Gicciyen Kaka Cantalicio

Rosario, 2 ga Maris, 1999

Yaya Eulogia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwiwarki mai ciwo. Matata Griselda tana gaishe ki.

Bayan haka, kin san ni. Na bar Formosa da aji uku na sakandare da riga biyu a jaka. Na yi dako a bakin kogi, na yi yaron mota, na yi direba. Yau manyan motoci biyar ne ke yawo da sunana a ƙofarsu, ga gareji, ga gidan bene, ga yara biyu a jami'a. Ba wanda ya ɗora mini, ba wanda ya sauke mini. Na faɗa ne don ki san mai maganar ba yaro ba ne.

Na ji kin sami mai sayen gidan Kaka, za ki koma wurin 'yarki a Buenos Aires. Ban hana ba. To gicciyen fa? Da wuƙarsa Kaka ya sassaƙa shi daga itacen da ƙishirwa ta kashe abokinsa Sindulfo a gindinsa, a yaƙin Chaco da Bolibiya. Ranar da ya gudo daga Paraguay, abu uku ya saka a kwalekwale: Kaka mace, babanmu, da wannan gicciye. Ba kayan da za a cusa a kwali ba ne.

Na riga na kira magini. Zan gina masa ɗaki a tsakar gidana, da tayil da fitila. Ranar Gicciye, uku ga Mayu, zan sa gidan burodi mafi tsada a Rosario su gasa cipa, burodin rogon nan namu, a rataye a rumfa, yadda Kaka yake yi. Ki naɗe shi ki ba direbana.

Ƙanenki,
Nicasio Bogado

Formosa, 14 ga Maris

Janar,

Ina amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ta ƙi ni ta ƙi barina. Na ga lissafin arziki, Allah ya ƙara. Kaka bai yi kuskure ba da ya sa maka Janar tun kana yawo ba wando: har yau umarni kake bayarwa.

Direbanka ya zo, ya sha terere, shayinmu mai sanyi, ya koma hannu biyu. Ga dalili. Kwana kaɗan kafin Kaka ya cika, na tambaye shi wa za a ba gicciyen. Ya ce, "Wanda zai kwaɓa cipa da hannunsa, ya rataye ta da hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana ba masu wucewa ruwa. In babu, ki ƙetare kogi ki mayar wa dangin Sindulfo." Na ce, "Nicasio fa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Janar zai aiko soja."

Ni hawa na tara zan zauna, ba tsakar gida, ba tanderu. Ka yi shawara kafin Mayu.

Yayarka,
Eulogia

Rosario, 29 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa, ko da yake raina a ɓace yake.

Dangin Sindulfo! Wa ya san su? Wa Kaka ya goya a wuya zuwa makaranta shekarar da kogi ya ci unguwarmu, ruwa har ƙirjinsa, yana ce mini, "Riƙe kunnuwana, Janar, dokinka ba ya da linzami"? Da Inna ta rasu, Baba ya tafi kudu neman aiki ya manta hanyar gida, wa ya koyi ɗinkin maɓalli saboda mu, da yatsun nan nasa kamar rogo? Bai taɓa kai kofi bakinsa ba sai mun sha. Sau ɗaya ya taɓa daka mini tsawa, ranar da na watsar da sauran ruwa a ƙasa. Ya tsuguna yana kallon ƙasar tana shanyewa, ya ce, "Na ga namiji ya miƙa bindigarsa saboda ruwan da bai kai wannan ba." Har yau in na ga famfo yana ɗiga a gareji sai na tashi na ɗaure shi da kaina.

To, ki ji. Na dakatar da mai tayil, na sa an gina tanderun laka. Lahadi na kulle ƙofa na kwaɓa garin rogo da cuku da ƙwai. Griselda ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a tebur, ta ce, "Maigida, wannan ta ci ce, ko ta tokare tayar mota ce a gangare?" Na jefa wa kare, ya shinshina, ya dube ni, ya tafi. Mutumin da ya kwance injin mota ya mayar ba littafi, wai gari ne zai gagare shi!

Ki rubuto mini yadda ake yi. Ba taimako nake nema ba, bayani ne.

Nicasio

Formosa, 10 ga Afrilu

Ƙanena,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, na yi kuka, na sake dariya. Ka gaishe mini da karen.

Ga bayanin. Ka murza man alade da ƙwai tukuna har su yi laushi, sannan cuku, gari a ƙarshe. Madara kaɗan-kaɗan, kada ka antaya. Ka daina dannawa kamar kana ɗaure kusa. Tanderu kuma sai ka share garwashin kafin ka saka.

Kai kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Kaka mace ce take gasa cipa a da. Shekarar da ta rasu, maƙwabta suka ce za su yi masa, ya ƙi. Abin da ya rataye a rumfar nan, Janar, har Fada na cocinmu sai da ya jiƙa tasa a shayi. Wata tsohuwa ta ce, "Don Cantalicio, da wannan kuka kori Bolibiyawa?" Ya ce, "Da mun same ta, da yaƙin bai kai shekara uku ba." Haka ya yi ta yi har hannunsa ya faɗa.

Zan zo da gicciyen da kaina ranar biyu ga wata. Ban ce zan bar shi ba. Zan gani da idona. Ka tuna, ana kiran sunayen abokan Kaka da suka rasu kafin a tsiyaya ruwa a gindin gicciyen, kuma bana suna ɗaya ya ƙaru.

Allah ya kai mu.
Eulogia

Rosario, 6 ga Mayu

Yaya,

Da fatan kin sauka lafiya. Kin hau mota, da na dawo daga rakiya na tarar da gicciyen a rumfa, a inda na kafa shi. Na gane.

Abu biyu zan gyara. Na ɗaya, da na zo kan sunan Kaka muryata ta tsaya, hayaƙin tanderu ne. Na biyu, direbobina da suka ga maigidansu a bakin ƙofa da tulu yana tare mutane, ba dariya suke yi ba, murna ce. Cipar ma an cinye, har mai shara ya nemi ƙari.

Griselda ta ce kin tafi da farin ƙyallen da ake yafa wa gicciyen, wai za ki gyara bakinsa. Akwai sunan Kaka a jiki da jan zare. Tunda allura tana hannunki, ki saka nawa a ƙarƙashin nasa: Nicasio Bogado. Ba Janar ba, cikakken suna. Kuma kada ki ƙanƙanta baƙaƙen, da hannuna na kwaɓa.

Ƙanenki,
Nicasio