Kat-kat ɗita ta daina kuka

Daren Laraba, Matameye

Jiya Isuhu makaniki ya sauya wa tsohuwar motata kat-kat silambulok, robobin nan na ƙarƙashinta da suka cinye. Ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗinta ya ɗauke, na yi ta murna. Na manta odarta ta mutu tun bara, ashe kukan ne ke buɗe mini hanya.

Yau da safe ina sauri zuwa sunan jikana a Kurni, ga ragon suna a baya, sai amalanken jaki ya tare hanya. Mai shi ko waiwaye. Dole na leƙo ta taga, da furfurata, na yi ƙiiƙ-ƙiiƙ da baki.

Nan take ya kauce yana cewa, "Sannu Alhaji! Har yanzu ba a gyara ta ba?"