Mai Kemis Ɗin Da Ya Kira Wa Mijina Mota

Anti, don girman Allah ki taimaka min da shawara, abin ya fi ƙarfina. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Mijina tela ne. Ya rasu lokacin annobar nan da aka rufe mutane a gida, wata goma sha biyar ke nan. A bakin layinmu akwai wani mai kemis, abokinsa tun kafin a auro ni. 'Ya'yana Kawu suke ce masa. Shi ya gano ina da hawan jini. In ya ba ni magani sai ya zana min rana a jikin kwalin na safe, ya zana wata a na dare, don ya san ƙananan rubutun nan ba na gane su. Baban yara har tsokanarsa yake yi, wai da zane ya koya da yanzu ya yi suna.

Da ciwon ya kama mijina, kwana biyar ina ɓoyewa. Tari, zazzaɓi, abinci ma ya ce ba ya jin ɗanɗanonsa. Ran na shida da safe na je kemis. An ɗaura igiya a ƙofa, ga bokiti da sabulu, ta taga ake magana. Na jira kowa ya watse, na faɗa masa a hankali. Na roƙe shi ya zo ya yi masa allura a gida, kada kowa ya ji, don mijina ya ce ko mutuwa zai yi ya fi so ya mutu a ɗakinsa. Ya zo, bakinsa a rufe da takunkumi, ya maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce min yana zuwa. Na ɗauka allura ya tafi ɗaukowa, har ruwa na ɗora.

Motar asibiti ce ta zo, Anti, da mutane cikin fararen kaya har ka. Duk layi aka fito leƙe. Mijina da ƙafarsa ya shiga, yana tafiya yana hutawa, bai ko ɗauki hularsa ba. Kwana tara ya yi a can. Sau biyu na ji muryarsa a waya. Gawarsa ma ban gani ba.

Abin da ke cin raina, maƙwabcinmu shi ma ya kwanta a satin. Matarsa ta samo wani ya yi masa allurai a ɓoye, ga shi nan kullum yana wucewa ta ƙofata a kan babur.

Da mata suka zo min gaisuwa na ce mai kemis ne ya ba da mijina. Daga nan magana ta yi ƙafa. Aka ce lada ake ba shi kan duk wanda ya kai ƙara, aka ce maganin kirki ɓoye wa manya yake yi. Ni ban san wannan ba, amma ban ƙaryata ba. Yanzu rabin layin sun daina shiga shagonsa. Ya zo gaisuwa sau uku, na ƙi fitowa.

Na koma wani kemis mai nisa. Can ba mai kallon fuskarka, kwalin ma kowane wata daban, na rikice na daina zuwa. Sai babbar 'yata, wadda ke aure, ta riƙa kawo min magani a farar leda ba kwali. Watan jiya ta manta ta kawo da kwalin, na ga rana da wata. Ashe duk wannan lokacin wurinsa take zuwa. Na watsar da su a shara, na ce ta fice min daga gida. Sati biyar ke nan ban sha komai ba, ƙeyata na sarawa, in na tashi daga wanki sai na dafa bango. Ita ma ba ta sake zuwa ba, sai dai ta kira ƙannenta.

Anti, ta yaya zan haɗiyi maganin da ya fito daga hannun nan? Ni ce mai laifi?

Matar tela

*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki dangana. Rashin da aka hana ki ko kallon ƙarshe ba ƙaramin rashi ba ne.

Zan fara da na gaggawa. Yau ɗin nan ki je asibiti mafi kusa a auna jininki, ki faɗa musu sati biyar ba ki sha magani ba, da jirin da kike ji. Wannan ba ya jiran sulhu da kowa. Yaran nan sun riga sun rasa uba.

Kina da gaskiya a wuri guda, kuma babba ne. Kin kai wa mai kemis sirri, ya ce yana zuwa, ya turo mota. Kamata ya yi ya dube ki ya ce ciwon ya wuce allura, zai kira asibiti, ko da za ki yi masa ihu. Ya hana ku awa ɗaya ta sallama. Wannan haƙƙinki ne, kuma ya kamata ya ji shi daga bakinki.

Amma kiran motar da ya yi, ban ga cin amana a ciki ba. Abin da ya maƙala a yatsa iskar da ke cikin jini yake aunawa. Mutumin da ba ya iya kaiwa ƙofar gida sai ya huta, numfashinsa ne ke ƙarewa, kuma babu allurar kemis da ke maye gurbin iskar asibiti. Maƙwabcinki ya tashi, alhamdulillahi, amma ba ki san ko nasa ciwon ya kai haka ba. Da abokin mijinki ya yi yadda kika roƙa, aka rasu a ɗaki, da yau tambayarki ita ce me ya sa ya yi shiru.

Maganar lada da ɓoye magani, ke da kanki kin ce ba ki san ta ba. Ki gaya wa matan da suka ji ta farko haka. Akwai masu ciwon suga da hawan jini a layin da suka bar wanda ya san su saboda ita.

'Yarki ba ta zaɓe shi a kanki ba, ranki ta zaɓa. Ki kira ta da kanki, kada ki aika. In kin samu ƙarfi, ta raka ki wurinsa, ki tambaye shi abin da ya gani ran nan da dalilin da bai gaya miki ba. Ba dole ki yafe a take ba, ba dole ki koma sayayya wurinsa ba. Amma magani kam ki sha, ko daga hannun wa ya fito.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya bar ki da 'ya'yanki.