Nura ya hau teburin Oga

Assalamu alaikum Yaya Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Hauwa da yara. Ya aiki, ya Legas? Mu nan Kwarbai lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka san tun bara nake roƙon Oga Tanimu ya sa ni a gyaran ƙwaƙwalwar mota, na gaji da riƙe masa tocila. To ranar Talata ya ba ni wata matacciya, ya ce in cire wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu daga allonta, in ya fita lafiya teburin gyaran nawa ne. Na ɗora ƙarfe mai zafi a kan tsohuwar dalmar da ta liƙe ƙafafunsa, ta ƙi narkewa, ni kuwa na yi ta jira. Ashe allon nake ƙonawa. Oga ya ce, "Malam Haƙuri, shayi kake dafawa?"

Sai ya miƙa ƙarfen ga Nura ɗan Kawu, wanda ya zo bayan Sallar nan. Yaya, ina kallo ya ɗiga sabuwar dalma a kan tsohuwar, nan take ta narke, ya zare abin kamar ƙaya. Yanzu shi ke kan teburin, ni ke riƙe masa tocila. Kuma ni na kawo shi garejin fa.

Ka taya ni addu'a Allah ya cire mini abin nan a zuciya, don ko tuwo ba ya mini daɗi in muna kwano ɗaya. Ka gaida Anti. Nura ma ya ce in gaishe ka. Na dai isar.

Ƙaninka,
Sadisu