Sun Zo Duba Mara Lafiya

Talata, 14 ga Mayu, 1996. Jalingo.

Yau matan zumuntar cocinmu suka zo duba ni. Tun kafin Ista ba su gan ni ba, sai suka ɗauka ciwo ne ya kwantar da ni. Tun daga Yelwa suka tako a ƙafa, da kunun gyaɗa a kula, suna waƙa a hankali kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Suka same ni a tsakar gida, garau, ana mini kitso, ina ta dariya.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama Rifkatu, shugabarmu, ba ta yi faɗa ba. Ta taɓa goshina ta ce, "'Yata, jiki kam lafiya. To, mu durƙusa mu yi wa ɗaya ciwon addu'a."

Gaskiyarta. Ban daina ba da gaskiya ba, sanyi kawai na yi. Kullum aikin ofis ne hujjata. Har tulun da nake kaɗawa in muna waƙa na mayar da shi na ajiyar daddawa.

Da muka durƙusa, kaina rabi a tsefe, na yi addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba. Kunya ta tafi, ƙarfi ya zo.

Na juye daddawar, na wanke tulun, na goge zanen zumunta. Gobe ƙararrawar addu'ar asuba a hanya za ta same ni, da yardar Yesu. Kunun kuwa na shanye shi tas. Ai na mara lafiya ne.