Ramin Dogo a Ɗakin Wasiƙu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na san kin yi fushi, wata takwas ba ki ji ɗuriyata ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kamfanin da nake tuƙa wa mota ya rufe. Ɗaki ya kuɓuce mini, waya ma na sayar, na koma kwana a bencin tasha. Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Wani mai gyaran takalma ne ya ja ni zuwa gidan da cocin Katolika ta buɗe don irinmu. Akwai abincin rana, da wurin wanka, da ɗakin tufafi. Ba mai tambayar addininka, sai dai ko ka wanke hannu.

Abin da ya fi yi mini rana shi ne ɗakin wasiƙu. Ba mai ɗaukar mutum aiki in ba shi da adireshi, su kuwa sun ara mana nasu. Wata tsohuwar Sistar coci mai dogara sanda ce ke kula da shi, bango guda cike da ƙananan ramuka kamar ɗakin tattabaru, kowa da nasa. Na ce ta rubuta "Dogo" a nawa. Ina ni ina barin a liƙa sunan marigayi Baba, da ya koyar shekara talatin a garin nan, a gidan ciyar da marasa galihu? Don haka Dogo za ki rubuta a ambulan.

Na nemi aikin tuƙa motar asibiti. Sun ce za su aiko da takardar kiran gwaji, ga shi mako huɗu shiru. Kullum na zura hannu a ramina ba komai. In wannan ya wuce ni, wallahi ban san inda zan dosa ba.

Ki yafe mini. Ƙanenki.

*

Malam Dogo, tunda haka ka zaɓa,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na karanta wasiƙarka na yi kuka har suka tsorata. Da na share hawaye na sake karantawa, sai haushi ya kama ni. Bencin tasha? Ina raye? Wannan maganar ido da ido za mu yi ta, ka tanadi kunnenka.

Yanzu amsa mini: da wane suna ka cika takardar asibitin? Ba na jikin lasisinka ba? To su Dogo za su rubuta a ambulan? Ko ita Sistar duba take yi da za ta san kai ne? Kai! Tsawo kam Allah ya ba ka, wayo ne dai ya gaji a hanya bai kai sama ba. Tun kana yaro haka kake, ka ɓoye takalmi don kada a sace, ka manta inda ka sa.

Tashi maza ka je ka faɗa mata sunanka. Ka manta ɗaliban da ke cin abincin rana a tsakar gidanmu? Baba bai taɓa jin kunyar mai yunwa ba.

Allah ya tsare. Yayarka.

*

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, kuma na karɓi faɗan da hannu biyu.

A bakin abinci aka miƙo mini wasiƙarki. Ban gama karantawa ba sai ga Sista ta shigo da kwali, ma'aikacin gidan waya na biye da ita. Ashe ƙarshen kowane wata takan kira wasiƙun da ba su da mai su, wadda ba a amsa ba ta miƙa masa ya mayar inda ta fito. Mutum wajen ɗari a zauren, cokula na ta ƙara. Ta buga sandarta a ƙasa, ta fara kira. Ta biyar, na ji sunana da na Baba rangaɗau.

Yaya, sai na sunkuyar da kai kamar ba ni ba. Ta sake kira. A na uku har ta ɗaga ambulan ɗin za ta miƙa masa, sai na ji kaina a tsaye ina cewa, "Ni ne!" Har kwanona ya kife.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Dogo, mako uku ina neman mutumin nan, ashe yana nan yana cinye mini miya?"

Zaure ya ɗauki dariya. Sai wani dattijo da muka daɗe muna zama benci ɗaya ya kama hannuna ya ce, "Kai ɗan Malam ne? Shi ya koya mini karatu. Ni nake karanta wa rabin mutanen nan wasiƙunsu." Na fashe da kuka a gaban kowa, ban kuma ji kunya ba.

Da muka buɗe, ashe takardar asibitin ce, gwajin washegari ne da safe! Ki ga yadda gida ya rikice. Wani mai aski a cikinmu ya zaunar da ni, mai gyaran takalma ya goge mini wasu har suna sheƙi, Sista ta birkice ɗakin tufafi kaf ba wandon da ya kai mini idon sawu. Ta ce ba komai, direba a zaune yake aiki.

Mu goma sha biyu muka yi gwajin, biyu aka ɗauka. Yaya, ina ciki! Litinin na fara, har da ɗaki a bayan asibitin. Ranar da na zo da motar ɗauko wani maras lafiya a gidan cocin, sai da kowa ya fito bakin titi, mai dafa abinci na buga murfin tukunya. Sista ta ce in ci gaba da riƙe ramina tukuna har in zauna sosai.

Ki gaida kowa. Ƙanenki, direban motar asibiti.

*

Ƙanena,

Barka, barka! Na yi rawa har maigidan ya ce in tuna da gwiwata. Ka auno tsawon ƙafarka ka aiko, tela na jira.

Juya ambulan ɗin nan ka gani. Sunanka cikakke na rubuta, da na Baba, da manyan baƙaƙe, a adireshin gidan cocin. In Sista ta kira, ka amsa tun a na farko.

Yayarka.