Tsohon Direban da Aka Cire

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, ya kuma sassauta maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana. Mu nan da sauƙi. Gwaggo ta warke daga tarin, har ta koma faɗan da ta saba. Baba ne dai sai a hankali, kuma saboda shi na zauna rubutun nan, don a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri. Katin hoton da ka aiko don tsohuwar kwamfutar shago, wadda nake zana allunan talla da ita, na kira mai gyara ya sa mata shi a ciki. Ka san shi, in yana magana har maƙwabta sai su amsa. Ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya ce akwatin wutar ba zai ɗauki sabon kati ba, muka canza. Da aka kunna sai rubutu ya fito a dagule, allon ya yi ta ƙyaftawa, can ya yi baƙi ƙirin. Nan ya ce matsalar direba ce. Ashe haka suke kiran 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin. Ya ce tsohon direban ne ya tare wuri, shi bai yi aiki ba, bai bar sabo ya yi ba, kamfaninsa ma ya daɗe da yafe shi, in ba a cire shi gaba ɗaya ba, ba za mu ga daidai ba. Ni kuma aiki ya taru mini, masu kaya sai kira suke yi, na ce a cire shi mana, ni ma na gaji da shi.

Yaya, labule ne kawai tsakanin shagon da ɗakin Baba. Mutumin da unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Direba, tun kafin a haife mu har shanyewar jikin nan ta sauke shi daga mota. Kuma ya san daga wurinka saƙon ya zo.

Ashe duk a kunnensa muka yi. Da safe na kai masa abin kari, na tarar ya ninke kayansa da hannun nan ɗaya mai motsi, ya sa hula, ya cusa tsohon lasisinsa a aljihu, yana zaune a bakin gado. Ya tambaye ni yaushe za a zo ɗaukarsa, ya ce kada in damu, ya san ni da kai mun yi haƙuri da shi. Na yi bayani, na rantse, na yi kuka. Na dawo da mai gyara ya nuna masa abin a allo, ranar na fara jin mutumin nan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, har ya yi masa godiya. Amma bai kwance kayan ba. Abinci sai ya taɓa ya ture. Ya daina kirana in zai zaga, shekaranjiya a ƙasa na tsince shi, goshi a fashe, yana ba ni haƙuri wai ya ɓata mini lokaci. Ina jin tsoro, Yaya.

Kwamfutar kuwa ta gyaru, hoto tas kamar ka miƙa hannu ka ɗauka, kuma wallahi ko kallonta ba na son yi. Don Allah kada ka ƙara aiko komai. Ka nemi hutu ka zo da ƙafarka, ka kwance masa kayan nan da hannunka, wataƙila kai ya yarda.

Ka gaishe mini da Anti da Sarkin Surutu da 'yar jaririyar da ba mu gani ba tukuna. Gwaggo da Kawu suna gaishe ku.

Jiya Baba ya tambaye ni, shi wancan tsohon direban da aka cire, ina aka ajiye shi. Na tambayi mai gyara, ya ce ba a ajiye shi ko'ina, gogewa ake yi. Ban ba Baba amsa ba har yanzu, kuma yana jira.

Ƙanwarka,
Auta