Jan-baki a Cikin Kaset

Ƙanena Sanusi,

Gaisuwa mai yawa daga Ƙaura. Ya aiki, ya maiɗakinka da yara? Nan kowa lafiya lau.

Kaset ɗinka ya iso, mai kukan igiyoyin sararin sama da na'urarku ta tauraron ɗan'adam ta naɗo. Na kunna a zaure. Kawu Ilu na jin tsuwar ya zabura da gwangwanin korar tsuntsaye ya yi gona, wai jan-baki sun faɗa wa geronsa! Ya dawo yana haki, ya rantse tsuntsaye ka naɗa. Na ce gidanmu ba a ƙarya: sama ce ke kuka, ƙanena ke saurarenta.

Ka sa mu a addu'a geron ya kai rumbu. Gaida mutanen gida. Inna ta ce a tambayi mai jin kukan sama, yaushe zai ji kiranta?

Yayanka,
Bello